Ranar da Na Ce Sani Ya Warke

Yau Laraba. Ƙafafuna sun kumbura, da ƙyar na kai masallaci.

Ina zaune ina tuna zamanmu da wata likita a Kano. Ɗana Sani yana da ciwon ƙwaƙwalwa da ke ɗaga mutum sama da kuzari, sannan ya kayar da shi cikin baƙin ciki. Likitoci sun sa shi cikin wani bincike, yana shan magani, ana kuma zama da iyalinsa. Ni kaɗai na rage masa.

A zaman nan na ce, "Likita, bara fa ya warke. Gona uku ya dasa wa shinkafa, har ban-ruwan maƙwabta yake yi, yana ta dariya. Sai na ce ya ajiye maganin."

Ta ce, "Baba, wannan ƙarfin ma ciwon ne."

Sani ya sunkuyar da kai. Ni da na yi boko, ban gane ba.

Yau ce ranar komawarmu wurin likita. Ya ce zai taso daga Bunkure ya ɗauke ni da hantsi. Ga la'asar, bai zo ba, wayarsa a kashe.

Masu irin wannan jinya, yaya kuke bambance sauƙi da ciwo?