Motar da Ba Ta Tashi da Turi

Da za a ba ni damar warware abu guda a rayuwata, da na koma garejin nan na Wad Madani na ce wa usta, wato babban makaniki, ya ɗaga kujerar baya ya sa sabon batir. Ban ce ba. Dariya na yi masa, kuma a kan matata dariyar ta ƙare.

Ni direba ne tun ina saurayi. Na ja lori ina kwasar auduga a gonakin Jazira, daga baya na riƙe tsohon boksi, wato a-kori-kura, ina kai mutanen ƙauyenmu kasuwa. A duk shekarun nan ban taɓa ɗaukar mutuwar batir a matsayin ciwo ba. Ƙasarmu shimfiɗe take kamar tabarma, tudu ɗaya gare mu, shi ne gaɓar tur'a, babban magudanar da ke kawo ruwa gonaki. Duk mai mota can yake kwantar da ita, hancinta na kallon gangare. Da safe ka sa giya ta biyu, ka taka kuloci, maza biyu su ba ta kafaɗa, ka saki ƙafa, ta yi tari ta tashi. Haka na koya, haka na koyar. A wurinmu wanda ya sayi batir alhali ga tudu, ana yi masa kallon wanda bai iya mota ba.

Bayan na ajiye tuƙi, ƙodar matata Hajja ta gaza. Likita ya ce sai wankin ƙoda sau biyu a mako a Madani, kuma ya ja mana kunne cewa ba a tsallake rana. Babban ɗanmu da ke aiki a Saudiyya ya aiko da mota don wannan kawai. Ta hannu ce, irin mai tafiya da fetur da wuta, don lokacin fetur ya fara wuya, sai mutum ya wuni a layi. Tana tashi shiru, kaji ma ba sa gudu sai ta zo kansu. Hajja takan ce motar ta fi ni ladabi, ita ba ta ɗaga murya da safe. A kujerar baya take kishingiɗa, ta lulluɓa da tobinta, ta yi barci har asibiti.

Ta yi mana hidima shekaru. Sai ta fara sauya hali. Injin da yake hutawa idan mun tsaya ya daina hutawa. Fetur ya fara ƙarewa da wuri. Wata fanka a bayan kujerar Hajja ta riƙa kuka ba tsayawa. Rannan wata jar alama ta fito a gabana, ta ƙi ɓacewa.

Na kai ta wurin usta a Madani yayin da ake wa Hajja wanki. Ya jona na'urarsa, ya ce babban batirin da ke ƙarƙashin kujera ya tsufa, zafin ƙasarmu da ƙura sun cinye shi. Ya ce tana iya kai wata, tana iya kai gobe, amma tunda marar lafiya nake ɗauka, in canza kafin damina ta kankama. Na tambaye shi shekarunsa, na gaya masa tun ba a haife shi ba nake tayar da lori da mataccen batir.

Ya ce, "Ya Haj, wannan ba lori ba ce. Batirin ne ke tayar da injin. In ya mutu, ko ƙauyenku duka suka tura ta ba za ta tashi ba."

Na ce masa ba a yi motar da gangare bai tayarwa ba. Yaran garejin suka yi dariya, na ɗauka ni suke mara wa baya.

A gida na yanki baƙin salatif na manne jar alamar don ta daina damuna. Ɗana ya kira ya tambayi mota, na ce lafiya lau. Da na gaya masa, a makon zai sa a canza, na san haka. Abin da na ƙi shi ne a ce ni, direban lori, yaro ya koya mini batir. Abin da na yi kawai shi ne na daina shigar da ita gida, na koma kwantar da ita a gaɓar tur'a kamar dā.

Ranar da abin ya faru ranar wanki ce, farkon damina. Hadari ya haɗu a gabas tun hantsi. Duk ɗan Jazira ya san baƙar ƙasarmu: in ta sha ruwa, hanyar da ke kai mu zalat, wato kwalta, ta rufe ke nan sai ta tsane. Hajja ta shiga ta zauna. Na danna maɓalli, fitilu suka kama, amma koren rubutun da ke nuna ta shirya bai fito ba. Na sake dannawa. Na kira maƙwabta.

Suka tura. Motar ta gangara shiru, ni kuma ƙafata ta hagu tana neman kuloci a inda babu kuloci. Ta kai ƙasa ta tsaya. Na ce ba su ba ta ƙarfi ba ne. Muka fitar da Hajja ta zauna a gindin itace, muka mayar da motar sama da kyar, muka sake.

Muna cikin haka boksin ƙauyen ya zo wucewa, cike da mutane zuwa Madani. Mai shi ni na koya masa tuƙi. Ya tsaya ya ce a kawo Hajja, zai saukar da mutum ya ba ta gaba. Hajja ta dafa itacen za ta tashi. Na ce masa ya tafi, yanzun nan motata za ta tashi, kujerarsa za ta jijjiga ta. Ya dube ta, ya dube ni, ya ja motarsa. Hajja ta koma ta zauna.

Na sa aka kawo batirin tarakta muka jona wa ƙaramin batirin motar. Fitilu suka ƙara haske, shi ke nan. Muna kwance wayoyin ruwa ya sauko.

Ya wuni yana zuba, ya sake washegari. Na ɗaura jaki a karo, wato amalanke, na ɗora Hajja, ba mu fita ƙauye ba ƙafafun karon suka nutse, muka dawo da ita a kan gado bisa kafaɗu. Ƙafafunta suka kumbura, fuskarta ta cika. Ba ta iya kwanciya, sai a zaune, tana jan numfashi kamar mai hawan tudu. Tana roƙon ruwa, 'yarmu tana jiƙa mata leɓe da tsumma kawai, don likita ya hana. Ni kuma ina fita ina taka hanya da ƙafa in ji ko ta yi tauri, in dawo da laka har gwiwa, in sake fita. Na roƙi mai tarakta har na riƙe masa hannu. Ya ce ko ita za ta kafe, in bari ƙasa ta ɗan ja.

Da ta ɗan ja, muka ɗora gadon a tirelar tarakta. Ina zaune ina riƙe kanta don jijjiga. Muka wuce motar a gindin gaɓa, laka ta kai mata rabin taya. Hajja ta buɗe ido ta gan ta.

Ta ce, "Haj, na ga ranar da ka manna baƙin abin nan."

Na ce mi ya hana ta magana.

Ta ce, "Kai ne direba. Ban so in ba ka kunya."

An yi mata wanki a ranar, an riƙe ta a asibiti, ta dawo gida. Amma zuciyarta ta riga ta wahala, ba ta sake taka tsakar gida ba tare da an riƙe ta ba. Kafin a yanke dawa ta rasu. Mutane suka ce kwana ne ya ƙare, kuma na yarda da ƙaddara. Sai dai na san wanda ya ce wa boksi ya tafi.

Ɗana ya zo ta'aziyya. Ya buɗe motar ya zauna, ya ga salatif ɗin, ya sa farce ya ɓare shi, ya rufe ƙofar a hankali. Har yau bai tambaye ni ba, kuma har yau yana kirana kowace Juma'a ya gaishe ni.

Ku da kuke ɗaukar marar lafiya a mota, ina roƙonku, ranar da wanda ya san ta ya ce batirinta ya tsufa, ku canza a makon, kada ku jira ta mutu muku a hannu. In kuma ta riga ta ƙi tashi wani ya tsaya ya ce ku kawo marar lafiyar, ku ba shi, ku zauna ku yi ta fama da motarku ku kaɗai.