Sunan Maharazu a Saman Shafi

Sadiya 'yata ce ta biyu. A Zaitawa aka haife ta, a ɗakin da yanzu nake ajiye keken ɗinkina. Tun tana ƙarama ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce, ko tabarma ce sai ta gyara mata zama. Lissafi take koyarwa a makarantar 'yan mata.

Yayanta Maharazu ne ya jawo ta cikin wannan aiki. Akwai wata manhaja ta kyauta da ƙananan asibitoci ke amfani da ita, mutane daga ƙasashe daban-daban ke gina ta, ba a biyan kowa. Shi ya rubuta bayanin yadda ake aiki da ita da Hausa. Ita kuwa dubawa take yi: alamomin da ke gaya wa kwamfuta nan kan magana ne, nan gargaɗi ne, da 'yan layukan saman kowane shafi masu faɗin harshe, da wanda ya rubuta, da mai kula. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma ta sha nuna min. Ja kuskure, kore lafiya.

Maharazu ya rasu bara da damina. Sadiya ta ci gaba da dubawa, ba ta gaya wa mutanen can komai ba.

Sai suka fito da sabuwar ƙa'ida: duk shafin da mai kula da shi ba ya amsa tambaya, za a cire shi. Shafukan Hausa suka koma ja gaba ɗaya, don sunan Maharazu ne a layin mai kula.

Abinci ya daina shigar mata. Ta zo gida ranar Asabar ta zauna a zaure da kwamfutar a cinya, ta buɗe, ta rufe, ta sake buɗewa.

"Baba, in ban taɓa ba, cirewa za su yi. Kuma akwai nas-nas a ƙauye da wannan Hausar suke aiki."

Na ce, "To ki taɓa mana."

"In goge sunan Yaya da hannuna?"

"Duka za ki goge?"

"Na mai kula kawai. Na wanda ya rubuta yana nan. Kuma in na sa nawa, ni za a riƙa tambaya. Shi ya san cikin manhajar, ni gefe-gefe na sani. In na faɗi ba daidai ba fa? Asibiti ne fa, Baba."

Na ce, "Ke da kika sa na farke aljihun Alhaji Sule don ya ɗan karkace, ke ce za ki bar kuskure ya wuce?"

"Ai shi ya sa nake tsoro."

Bayan la'asar ta rubuta musu cewa yayanta ya rasu, ta karanta min a hankali. Sannan ta sa sunanta a layin, ta danna dubawa. Muka zuba ido, ni ina ta salati a zuci. Shafukan suka fara komawa kore, ɗaya bayan ɗaya.

Ta tashi tafiya ke nan sai wayarta ta yi ƙara. Tambaya ce daga wani asibiti, da sunanta a sama. Ta karanta, fuskarta ta canja.

"Wannan ban san shi ba, Baba."

"To yaya ke nan?"

"Zan ce ban sani ba, amma zan tambayo."

Ta koma ta zauna. Ta fara rubutawa.