Gidan Inno daga Sama

Labbo yana tuƙa keke napep a Kaura Namoda tun shekara huɗu da suka wuce, lokacin da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu da ke bayan Dauran. Kafin nan makiyayi ne, yana kuma noma gero. In babu fasinja ba ya iya zama shiru. Sai ya ciro waya ya buɗe wasan da ya koya a tasha: a nuno maka hoton wani wuri da aka ɗauka daga sama, kai kuma ka dangwala a taswira inda kake zaton wurin yake.

Birane ba ya gane su, shi da kansa yake faɗa. Amma in aka nuno karkara sai ya gyara zama. Yana duba launin ƙasa, da yankan gonaki, da burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya. Abokan sana'a suna tsokanarsa wai ya san duniya daga sama, a ƙasa kuwa bai wuce Shinkafi ba.

Wata rana ya bar wasan, ya nemi ƙauyensu a taswirar. Ya bi titin Zurmi da yatsa har ya faɗa kan burtalin da ya sani. Ga gidansu, ga rumbuna biyu, ga gona kore shar. Murna ta sa ya nuna wa mahaifiyarsa, Inno.

Inno ta ɗauka abin da ke faruwa a lokacin take gani. Ta ce mutane sun koma, wani yana noma gonar marigayi mijinta, in aka ƙara damina ɗaya ba su je ba ta zama tasa. Ta ƙulle irin gero a tsumma, ta ce ranar Laraba za ta tafi, ko da shi ko ba shi. Labbo ya ce hoton tsoho ne, kuma har yanzu ana tare mutane a hanyar. Ta ce ya nuna mata inda aka rubuta tsoho ne. Babu.

Kwana uku yana aiki rabi da rabi. Ya sauke fasinja, ya tsaya gefen titi, ya faɗaɗa hoton, ya rage, ya sake faɗaɗawa. Ranar Talata da hantsi ya juyo gida da keken babu kowa.

"Inna, dubi ɗakin Na'Allah maƙwabcinmu. Rufin mi kika gani?"

Ta kai wayar kusa da ido. "Ciyawa."

"Kwano muka buga mashi kahin mu taso. Ni na riƙe mashi tsani."

Inno ta tuna. Shekarar ce aka yi sunan jikan Na'Allah, aka zauna a ƙarƙashin sabon rufin. Ta ƙirga da yatsu, ta tsaya.

"Kenan noman Malam ne wanga."

Labbo ya ce eh, daminar mahaifinsa ta ƙarshe ce, ko wadda ta gabace ta.

Ba ta tafi ranar Laraba ba. Ta dai tambaye shi yaushe masu ɗauka daga jirgin sama za su sake ɗaukar hoton. Ya ce bai sani ba. Ta ce to ya riƙa dubawa kullum.