Ba Mijinta Ba Ne, Ɗanta Ne

Shekara goma sha tara Lorraine Desjarlais ta yi a hawa na huɗu na wani dogon benen gwamnati da ke arewacin birnin Winnipeg, kuma babu tsohon ɗan haya a benen nan da bai taɓa cin burodin bannock na hannunta ba. Wanki take yi a gidan kula da tsofaffi, zanen gado da tawul tun safe har la'asar, har tafin hannunta ya yi kaushi. Mijinta ya rasu lokacin ɗansu Curtis yana shekara tara. Ita kaɗai ta rene shi.

Curtis ya dawo mata yana da shekara talatin da huɗu, bayan an sallame shi daga aikin haƙar ma'adinai a can arewa. Ya ce sati biyu zai yi. Ta yi masa shimfiɗa a falo. Sati biyu suka koma wata takwas, kwalaben giya suka cika bayan kujera. Da zagi abin ya fara, sai jifa da kofi, sai wata Lahadi da ta ce ya rage ƙarar talabijin, ya kama hannunta ya murɗe har ya kumbura. Washegari ya dafa mata shayi yana hawaye.

"Mama, kin san ba halina ba ne."

Ta sani. Abin da ya fi ci mata rai ke nan.

Maƙwabciyarta Bev, wata tsohuwar direbar bas mai bakin tsiya, ita ta fara ganin hannun.

"Kar ki ce min ƙofa ce ta buge ki," in ji Bev. "Ƙofofin benen nan ko ƙuda ba za su iya kashewa ba. Ki je ofishin hukumar gidajen nan. Macen da ake duka, canja mata gida ake yi da gaggawa. Yarinyar nan ta hawa na biyu, cikin sati uku aka ɗauke ta."

Sai da Lorraine ta yi kwana tara tana juya maganar kafin ta je. Wata matashiyar ma'aikaciya mai suna Thiessen ta karɓe ta da fara'a, ta jawo takarda.

"Mai dukan naki mijinki ne, ko tsohon miji, ko saurayi?"

"Ɗana ne."

Biro ya tsaya a hannun Thiessen. Gurbi uku ne a takardar, babu na ɗa.

"Ayya. Wannan tsarin na ma'aurata ne, naki kuma rikicin iyali ne. Kin kira 'yan sanda?"

"In kira wa ɗan da na haifa 'yan sanda? Ni ba so nake a ɗaure shi ba. So nake in kwana inda bai sani ba."

"Na gane. Sunansa yana cikin takardar haya?"

"A'a. Sati biyu ya ce zai yi."

Thiessen ta rubuta wani abu, ta ba ta lambobin waya guda biyu, ta raka ta har bakin ƙofa.

Bayan kwana goma wasiƙa ta zo daga ofishin. Wai ta ajiye wani mutum a gidan ba tare da izini ba, wai maƙwabta suna ƙorafin hayaniya, saboda haka ta fitar da shi cikin kwana talatin ko ta rasa gidan. Abin da ta faɗa da bakinta don a cece ta, shi aka juya aka yi hujja da shi a kanta. Kuma ba ita ta buɗe wasiƙar ba, Curtis ne. Tana shigowa daga aiki ta tarar da shi tsaye da takardar a hannu.

"Ƙarata kika kai, Mama?"

Ya hankaɗa ta, ta faɗa kan murhu, haƙarƙarinta biyu suka karye. A asibiti ta ce zamewa ta yi a matakala.

Daga gadon asibitin ta kira lambobin nan. Gidan fakewar mata suka ce sun cika, kuma masu ƙananan yara ake fara ɗauka. Masu kula da tsofaffin da ake zalunta suka tambayi shekarunta. Hamsin da tara. Suka ce su daga sittin suke farawa, amma za su iya ba ta wata lamba.

Ba ta karɓa ba. Wata safiya a watan Fabrairu, Curtis yana barci, ta ɗauki jaka biyu ta fita cikin dusar ƙanƙara, ta tafi gidan ƙanwarta Yvonne, aka ba ta ɗakin ƙasa kusa da injin ɗumama gida. Curtis ya zauna har Afrilu kafin a kore shi. Amma a takardun ofis, Lorraine aka kora, don gidan da sunanta yake, kuma an samu ƙofa biyu a karye.

Bev ce ta ƙi haƙura. Duk taron 'yan haya sai ta miƙe da wannan magana, har shugabannin hukumar gidajen suka fara sunkuyar da kai idan suka hango ta. Shekara ɗaya da rabi tana yi, sannan aka ƙara gurbi na huɗu a takardar: duk wani ɗan uwa da ke cikin gida. Aka kuma daina aika irin wasiƙar da aka aika wa Lorraine gidan da mai dukan yake.

Ranar da za a sanar da sabon tsarin, aka gayyaci Lorraine. Ta hau bas biyu ta zo, sanye da rigarta ta coci. An jera kofi da cincin. Wani babban jami'i ya ce labarin wata jarumar mata ne ya buɗe musu ido, aka yi tafi, aka ɗauki hoto da ita a tsakiya. Da aka fara watsewa ta tare shi.

"Yallaɓai, to gidana fa?"

Ya yi murmushi, ya duba agogonsa. "Sabon tsarin na waɗanda ke haya a wurinmu ne yanzu. Ke kuma a halin yanzu ba 'yar hayarmu ba ce. Amma ki sake cike takarda, ki shiga layi."

"Layin shekara nawa ne?"

"Ya danganta."

Bev da ke tsaye kusa da ita ta buɗe baki za ta zazzaga masa masifa, Lorraine ta riƙe mata hannu. "Bar shi, Bev. Zo ki raka ni bakin titi."

Yanzu shekararta sittin da biyu. Ta bar aikin wanki, don haƙarƙarin ba su ƙara barin ta ɗaga kaya masu nauyi ba. Tana nan a ɗakin ƙasan Yvonne, sunanta yana layi. Mata huɗu a tsohon benenta sun samu sabon gida ta gurbi na huɗun nan, biyu daga cikinsu 'ya'yansu ne ke dukansu. Bev takan kira ta ta faɗa mata, sai ta ce madalla. Curtis ma yakan kira, wata biyu ko uku sau ɗaya, daga wani gari a yamma. Yvonne ta ce mata ta daina ɗaga wayarsa. Tana ɗagawa, amma ba ta taɓa faɗa masa unguwar da take ba.