Burodin da Aka Tare a Ƙofar Coci

Matata ba ta da injin gasa burodi, kuma ba ta taɓa cewa in saya mata ba. Abin gashinta tsohuwar tukunyar ƙarfe ce. Takan zuba yashi a gindinta, ta ɗora a kan gawayi, ta jera gwangwanayen ƙullu a kan yashin, ta rufe, ta watsa garwashi bisa murfin. Yashin ni nake ɗebo mata a bakin kogi idan ruwa ya janye. Gwangwanayen kuwa wani malami maƙeri ne a Makera ya ƙera mata tun muna haya a unguwar Television, kafin mu gina namu a Sabon Tasha. Da wannan tukunya ta gasa kek ɗin auren mutane da yawa a cocinmu.

Shekarun baya ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Da aka sallame mu daga asibiti, likita ya ba ta wata ƙwallon roba ya ce ta riƙa matsawa. Ta ba jikoki ƙwallon, ta ce a kawo mata fulawa. Na sha zama a ƙofar kicin ina kallonta tana danna ƙullu da hannun da ba ya jin maganarta, gumi yana ɗiga daga haɓarta. A nan ta yi wa Ubangiji alkawari da ƙarfi, ina ji: in hannun nan ya sake riƙe abu, kowace shekara ran godiyar kaka za ta ɗauki burodi da hannuwanta biyu, ta taka da ƙafarta har gaban bagadi ta ajiye. Hannun ya dawo, ko da yake bai dawo duka ba. Ba ta taɓa fashi ba tun daga lokacin.

Burodin godiyar daban yake da na kullum. Tana haɗa fulawa da garin acca da ake aiko mana daga ƙauye, da zuma, da citta kaɗan. Sai ta murza ƙullun sili-sili ta ɗaure shi a tsakiya, ya fito kamar damin dawa. Ba mai ɗanɗana ko ɓarɓashinsa a gida kafin ya je coci. Kuma kullum gefen hagunsa a kwance yake, don hannun da ya tsara wannan gefen bai kai ɗayan ƙarfi ba. Duk wanda ya san ta, in ya ga damin nan ya san abin da take gode wa Allah a kai.

Ni aikin injinan masaƙa ya kai ni ƙasashe, kuma duk inda Lahadi ta same ni nakan nemi coci. A wani ƙauye na Ingila na ga burodi mai siffar damin alkama a gaban bagadi, har da ɗan ɓera na ƙullu a jikinsa, yara suna ta nunawa suna dariya. A Kamaru na yi sujada da Faransanci, akuya tana ɗaure a ƙafar teburi tana kuka, mai wa'azi yana ɗaga murya don ya fi ta. A Gana doya ce da ƙasarta a jiki. A ƙauyenmu, ina yaro, tsofaffi sukan kawo acca a ƙwarya da zakara a hammata. Harsunan sun bambanta, amma ban taɓa zuwa inda aka tsayar da mutum aka duba ko godiyarsa ta yi kyan gani ba. Sai a cocinmu, da furfurata.

An yi sanarwa cewa bana za a haska sujadar godiya ta waya, 'yan'uwa na ƙasashen waje su kalla, don haka kwamiti yana so gaban coci ya fito tsaf, kada a kawo tarkace. Mun ji, mun ce madalla. Ko a mafarki ban ɗauka burodi yana cikin tarkace ba.

Ran Lahadin muka sauka daga keke mai ƙafa uku a bakin coci, matata, wadda kowa ke kira Mama, tana riƙe da tire lulluɓe da farin ƙyalle. Na leƙa ciki, sai na ga an yi wa bagadi ado da inabi da tuffa da wata ƙatuwar kabewa mai sheƙi. Na matsa na taɓa. Roba ce. Duka roba ne, haya aka ɗauko daga masu adon biki. A harabar cocin nan akwai bishiyar gwaiba da ta yi 'ya'ya har rassanta suna taɓa katanga, amma an share waɗanda suka faɗo an zuba a shara, an kawo inabin roba don a gode wa Allah a kan amfanin gona. Tun daga nan raina ya fara ɓaci.

Aka jeru a waje don shiga da rawa, kamar yadda aka saba. Matan zumunta, wato ƙungiyar matan coci, suna gaba da tulunansu na kiɗa. Mama ta yaye ƙyallen ta shiga layi. A bakin ƙofa shugaban kwamiti ya sha gabanta. Mutum ne da ya manyanta, ya sha kwat da ƙaton fure a ƙirji, kuma kek ɗin aurensa daga tukunyar yashin nan ya fito.

"Mama, sannu da ƙoƙari. Kawo a ajiye miki a ofis."

"Ba na ofis ba ne, ɗana. Na gaba ne."

"Ai Mama bana tsari ya canza. Sai abin da aka naɗe a kwando da leda. Kyamara tana kallon wajen kai tsaye." Ya dubi damin, ya rage murya. "Kuma kin ga ya ɗan karkace."

Na ce, "Me ka ce ya yi?"

"Baba, ba raini ba ne. Duniya ce za ta gani."

"Wace duniya? Na je ta, na dawo. Ba wanda ya aiko ka ka yi mata shara. Kai da ka ci kek ɗin matar nan har kana lashe yatsa, ran nan bai karkace ba?"

"Baba, a yi haƙuri, umarnin kwamiti ne."

"To kwamitin ya zo ya gaya mini wace gona ce ta ba da kabewar can."

Mama ta taɓa ni da gwiwar hannu. "Maigida, a ƙofar ɗakin Allah kake."

Na juyo na dube ta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne hannunta. Na ga yatsun hagun sun fara saki, tiren yana sunkuyawa. Na miƙa hannu zan karɓa, ta girgiza kai. Alkawarin da hannuwanta biyu ne. In ta ba ni, ko ta bari aka kai ofis, a wurinta ta karya shi. Shugaban kwamiti kuwa yana tsaye yana nuna wa na bayanta su zagaye ta su wuce.

Shugabar zumuntar mata ce ta waiwayo ta ga abin da ake ciki. Tsohuwa ce gajeriya, mai sayar da daddawa a kasuwa, ita ce ta riƙa zuwa tana yi wa Mama wanka lokacin ciwon. Ba ta yi gardama da kowa ba. Ta kife tulunta a ƙasa ta zauna a kan dakali. Sauran matan suka ga haka, su ma suka ajiye nasu. Kiɗa ya mutu. Layin ya tsaya cak, rabi a ciki rabi a waje, kyamarar tana haska mutanen da ke waige-waige.

Fasto ya fito da sauri. "Lafiya, Mama Zumunta?"

"Lafiya lau, Fasto. Hannuwanmu ne suka gaji. In 'yar'uwarmu ta wuce za su warke."

Fasto ya dubi tiren, ya dubi shugaban kwamiti, ya ce a bar Mama ta shiga. Na so in ce ya kyauta, amma na ji abin da ya raɗa wa mutumin: in ta ajiye, a ɗan tura burodin gefe.

Kiɗan tulu ya tashi. Mama ta taka a hankali, tana jan ƙafar hagu, matan suna kewaye da ita suna guɗa. Ta kai gaban bagadi, ta durƙusa da ƙyar, ta ajiye damin da kanta. Ba ta koma mazauninta ba sai ga wata mai ado ta zo ta tura shi bayan kabewar roba. Ban ji ko kalma ɗaya ta wa'azin ranar ba.

Da aka tashi na je ɗauko tiren. Na tarar da tururuwa sun yi layi daga taga, sun bi ta kan inabin, sun haye tuffar, sun zagaye kabewar ba su tsaya ba, sun taru a gefen hagu na burodin inda zuma ta tsatso. Na kira Mama na nuna mata. Ta yi dariya har tana riƙe kafaɗata. Matan zumunta suka karkaɗe shi, suka gutsuttsura, aka raba a harabar coci. Mai ado ma ta karɓi nata.

A gida da rana na ƙi sakin maganar. Na ce zan tashi in yi magana a taron dattawa, kuma na tashi daga baya, kuma har yau in na ga kabewar roba sai na ji ɗaci a bakina. Mama dai ta zuba tuwo, ta ce mu yi addu'a. Ta gode don acca, da zuma, da yashin kogi. Ta gode don hannun da bai saki tire ba. Sai ta ce Ubangiji ya albarkaci shugaban kwamiti da gidansa.

Na ƙi cewa amin.

Ta buɗe ido ɗaya. "Maigida, miya tana hucewa."

"Ki cire shi daga addu'ar tukuna."

"Ba zan cire ba."

Muka zauna, tururin tuwo yana raguwa, hannunta na hagu yana kan nawa. Na faɗi amin ɗin a ƙarshe, amma ita ma ta san da ƙyar ta fito.