Gari Ya Cinye Mini Kunnen Baba

Kafin masu shaguna su ɗaga ƙofofinsu, Baba ya riga ya goge takalminsa, ya hura makirfo ya ce "gwaji, gwaji", ya cusa rikoda a tsohuwar jakar nan da igiyarta ta sha ɗinki. Tun ina rarrafe haka na san shi. Yakan tsaya a bakin ƙofa ya ce da Mama, "Sai na dawo." Ita kuma ta ce, "In gari ya sake ka." Ba ta taɓa faɗar haka da wasa ba, shi kuma kullum dariya yake yi ya wuce.

Masu sauraron rediyon al'umma na garinmu sun san shi da Baba Mai Rikoda. Ba shi ke zama a ɗakin watsa shiri yana karanta labarai ba, wannan aikin masu zaƙin murya ne. Nasa yawo ne: asibitin unguwa, ofishin kansila, bakin kasuwa, duk inda kwata ta toshe ko aka buɗe sabon aji. A makon nan ya ajiye aiki. Ƙafarsa ƙalau take, kunne ne ya gaza. Likita ya ce na hagu ya tafi, na dama ma yana haɗa kayansa, saboda shekarun da ya yi da abin sauraro manne a kai yana tace muryoyin mutane.

An ce ni autarsa in rubuta masa jinjina, tunda rubutu ne sana'ata. Zan yi, amma gara in faɗa tun da wuri: da kishi zan yi ta. Ina kishin garin nan kaf, da babba da yaro. Kunnen da na yi ta jira tun ina ƙarama ku kuka cinye shi, kuka bar mini suɗi, kuma ban san ko suɗin zai jira ni in faɗi abin da ke bakina ba.

Baba yana da wata ɗabi'a da ta sha haɗa shi faɗa da editocinsa. In ya ɗauki muryar mutum, ba ya tafiya sai ya mayar da faifan baya, ya kunna masa a nan take, ya bar shi ya ji kansa daga farko har ƙarshe. Sannan ya tambaye shi, "Ka yarda a sa?" Idan mutum ya ce a'a, a gabansa zai goge. Idan ya ce na yarda, to wannan "na yarda" ɗin ma tana cikin faifai. Wani edita mai gaggawa ya taɓa ce masa, "Haba Baba, kafin ka gama wannan bikin labari ya huce." Ya ce, "Gara ya huce da ya ƙona mai shi. Magana zarar bunu ce, ɗana."

Babbar nas ta asibitin unguwarmu ce ta ba ni labarin lokacin da famfon ɗakin haihuwa ya daɗe a lalace, har dangin masu naƙuda ke zuwa da jarkokinsu. Ta ce da Baba ya miƙa mata makirfo, zuciya ta ɗebe ta, ta wanke shugabanta tas, har da abin da bai shafi famfo ba. Baba bai katse ta ba. Da ta gama ya kunna mata. "Wallahi 'yata," in ji ta, "da na ji muryata sai na dawo hayyacina. Na san in wannan ta fita, gobe ba ni da aiki, kuma famfo yana nan yadda yake." Suka sake ɗauka. Wannan karon ta faɗi abin da idonta ya gani kawai: mace ta haihu, babu ruwan wanke hannu. Kafin mako ya zagayo an gyara famfon, ita kuma a kujerarta ta yi ritaya. Tana ba ni labarin tana share hawaye, ni kuwa ina lissafin cewa wannan matar ta samu kunnen Baba har sau biyu a zama ɗaya.

Kansilan mazaɓarmu na wancan lokacin shi ma ya ji kansa. Ya tsaya a bakin babbar kwatar layinmu ya yi rantsuwa cewa kafin damina za a yashe ta. Baba ya kunna masa, ya tambaye shi. Mutumin ya gyara hula ya ce, "Na yarda mana! A sa da safe, a maimaita da yamma." Damina ta zo, ruwa ya shiga ɗakunan mutane har gwiwa. Baba ya naɗe ƙafar wando, ya je ofishin da ƙafarsa jiƙe, ya ajiye rikoda a kan tebur ya danna. Masu gadi sun ce kansila ya saurari kansa yana kallon silin. Da aka zo wurin "na yarda mana", sai ya ce, "Malam, kashe haka nan, na gane muryar." Ba a kai ƙarshen watan ba aka ga mutane da shebur a cikin kwata. Har yau in ya hango Baba yakan tsallaka titi, amma an ce bai taɓa kiransa maƙaryaci ba.

Akwai kuma tsohuwar nan makauniya da ke waƙa a ƙofar kasuwa, wadda ba ta taɓa jin muryarta daga waje ba sai ranar da Baba ya kunna mata. Ta ce, "Wace ce wannan mai muryar?" Da aka gaya mata, sai ta roƙi a sake. Ya yi ta sakewa har batir ya mutu, abincinsa na gida yana sanyi.

Yanzu ga nawa labarin. Ina aji biyar aka ba ni babban matsayi a wasan kwaikwayon makaranta. Na yi ta haddace maganata a tsakar gida har kaji suka iya. Ranar wasa na leƙo ta bayan labule, sai ga Baba a layin gaba, da jaka, da rikoda. Zuciyata ta yi fari ƙal. Na fito na ba da duk abin da Allah ya hore mini na murya. Da aka tashi na ruga wurinsa, na tarar ya tsare hedimasta a lungu yana tambayarsa dalilin da rufin ajin 'yan ƙanana ke yoyo. Ya shafa kaina ba tare da ya waiwayo ba, ya ce, "Auta, bari in gama da malam." Washegari gari ya ji labarin rufi. An gyara rufin kuwa, na shaida. Ni dai ba a tambaye ni ko na yarda ba.

Haka muka taso. A wurin cin abinci kunnensa ɗaya na cikin faifai, ɗayan na jiran waya. In na fara ba shi labari sai ya ɗaga yatsa, alamar dakata, wani na magana a cikin kansa. Yayana ya haƙura tun da wuri, Mama ta mayar da abin addu'a. Ni ce ban haƙura ba.

Baba, kai ne ka zauna a kan benci da wanda ba a taɓa tambayar ra'ayinsa ba, ka saurare shi kamar shi kaɗai ne a duniya. Kai ne ka hana talaka yanka kansa da harshensa, ka hana mai mulki tsere wa nasa. Ba ka taɓa sayar da muryar kowa ba, ba ka taɓa satar ta ba. Na san duk wannan, ina alfahari da shi, kuma duk da haka raina yana sosuwa in na ji baƙo a motar haya yana cewa, "Ai Baba Mai Rikoda ubanmu ne duka." Naku ne duka, na ji. Amma ni kaɗai ce na tsaya a bayan labule.

Da na gama wannan rubutu sai na ga bai kamata in karya dokarsa a kansa ba. Na same shi a ƙofar ɗaki da hantsi, yana goge takalmin da ba inda za shi da shi. Na zauna ta damarsa, na kai bakina kusa da kunnen da ya rage, na karanta masa tun daga farko. Bai ɗaga yatsa ba. Bai duba waya ba. Da na zo wurin wasan makaranta ya ce, "Ɗaga murya, Auta, maimaita nan." Na maimaita. Ya ajiye takalmin.

Na ce, "Baba, ka yarda a sa?"

Ya ce, "Wurin kansilan nan kin ɗan ƙara gishiri, ruwan bai kai gwiwa ba."

"Ya kai, Baba. Ni na kwashe na ɗakin Mama."

"To bar shi." Ya juyo ya dube ni. "Kishin ma kar ki cire. Duk cikin rubutun shi ne labarin da ban ɗauko ba, alhali a gidana yake."

Sai ya miƙa hannu ya jawo tsohuwar jakar, ya fito da rikoda, ya hura makirfo. Ya ce, "Me kika ce a wasan nan? Faɗa mini da ƙarfi, tun ɗayan kunnen yana nan." Ni da nake da 'ya'ya uku, na miƙe a tsakar gida na yi wasan 'yar aji biyar, kuma ban manta ko kalma ɗaya ba.

Mun gode, Baba, ni da garin da na yi wa kishi. Allah ya saka da alheri, ya tsare mana abin da ya rage. Ku kuma matasan da kuka gaji makirfo, ku koyi mayar wa mutum muryarsa kafin ku watsa ta. In kun koma gida, ku cire abin sauraron nan daga kunne, akwai mai jiran ku gama da malam.