Yadda Raba-Daidai Ya Raba Kwamfutar Matarsa

A layinsu babu mai kiransa da sunan yanka, kowa Raba-Daidai yake ce masa. Mai zanen allunan shaguna ne, yana da ɗan shago a ƙarƙashin bene tsakanin mai aski da mai facin taya, kuma tun yana saurayi Allah ya ɗora masa son rabo. In an sayo kankana, shi ne da wuƙa. In maƙwabta sun kaure a kan igiyar shanya, shi zai fito da tef ɗin awo. Abin da 'yan layi ba su lura da shi ba, matarsa kuwa ta gano tun shekarar aurensu, shi ne duk rabon da ya yi sai wuƙar ta ɗan zame ta ƙara masa. Kaɗan dai, yadda in ka yi magana kai ne za ka ji kunya.

Kwamfuta ɗaya ce a gidan, kuma ta matar ce. Ma'aikaciyar jinya ce da ta koma karatu da girmanta. Kundin digirinta da ta yi shekaru tana fama da shi yana ciki, saura ƙiris ta miƙa wa makaranta. Shi kuma ya samo wata manhajar zane da ta ƙi zama a kan babbar manhajar da ke tuƙa kwamfutar, sai dai a kan wata daban. Abokinsa mai gyaran kwamfuta ya ce ai sai a raba faifan ajiya gida biyu, kowace manhaja da ɗakinta, in an kunna a zaɓi wadda za a shiga. Da jin maganar rabo, kunnen mutumin naka ya miƙe.

"Amma faifan a kulle yake," in ji mai gyara. "Komai na ciki a cakuɗe yake sai an sa kalmar sirri. Ka fara kwafe kayanta a wani wuri. Sannan ka matse kayan ciki, ka rage akwatin da aka kulle su a ciki, sai a ƙarshe ka matso da katangar da za ta raba ɗakunan biyu. Kada katangar ta ci akwatin ko da kaɗan. Ko dai ka kawo in yi maka."

A yi wa Raba-Daidai rabo? Haba, ina!

Ya lallaɓa matarsa. "Maman yara, rabi da rabi, wallahi." Ta dube shi sama da ƙasa, ta faɗa masa kalmar sirri, ta ɗauki jakarta ta tafi aiki.

Kwafewar nan ya ga ɓata lokaci ce, ya tsallake ta. Sauran kuwa ya bi su tiryan-tiryan, har aka zo kan katanga. Ga layi a tsakiyar allo yana jiran a ja shi, ga kuma hannun da ya saba. Hannu ya yi halinsa.

Da ya sake kunnawa, ɓangarensa ya buɗe fes, har da ɗan kiɗa. Nata ya karɓi kalmar sirri, ya yi shiru, sai ga baƙin allo da farin rubutu kamar tururuwa. Ya rungumi kwamfutar sai shagon mai gyara, shi kuwa ya duba ya duba, ya ce, "Ka datse ƙarshen akwatin, ka kuma zuba kayanka a wurin. Sai haƙuri."

Da ta dawo ya faɗa mata, ya sunkuyar da kai yana jiran faɗa. Ta shiga ɗaki ta jawo wani kwali cike da takardun da ta rubuta da hannu, duk malaminta ya bi su da jan biro, ta dire a gabansa.

"Baban yara, ga shi nan. Sai ka buga."

Haka shago ya zauna a rufe. Raba-Daidai ya duƙufa a teburin falo yana tsintar haruffa da yatsu biyu kamar kaza a kan tsaba, mai aski kuwa kullum sai ya aiko a gaishe da sakatare. Da farko tsaki yake yi. Da tafiya ta yi tafiya sai tsakin ya ɗauke. Kundin a kan tsofaffin da ake kwantarwa a asibiti ne, 'yan'uwa su daina zuwa duba su. Ashe ita ke yanke musu farce, ita ke zama ta saurari surutunsu. Tausayi ya kama shi, kunya ma ta kama shi. Rannan har kicin ya bi ta da takarda a hannu.

"Wai tsohon nan na babi na uku, ɗansa ya zo kuwa?"

"Bai zo ba," ta ce, tana wanke tukunya.

Ranar da ya buga shafin ƙarshe ya kira ta yana matsa wuyansa, ya tura mata kwamfutar da alfahari. Ta leƙa, ta gyaɗa kai.

"Sannu da ƙoƙari. Amma fa na miƙa tun makon jiya. Akwai kwafi a filashi wurin ƙanwata, kafin in ba ka kalmar sirri na kai mata."

Ya saki baki. "Maman yara! To wahalar me kika ba ni?"

Ta fara tattara takardunta tana mayarwa cikin kwali.

"A kan teburin nan na rubuta shi, kana zaune kana kallon ƙwallo, ba ka taɓa tambayata ko a kan me nake rubutu ba. Yanzu ai ka karanta."